Hayaƙin gidanku nawa ne a wata?



Duk lokacin da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, nakan lura masu zuwa kantinmu neman maganin tari da na shaƙa na masu asma suna ƙaruwa. Idan na tambayi uwa inda suke ajiye janareto, sau da yawa amsar ita ce bakin taga ko cikin soro.

Masu binciken ɗumamar yanayi suna da hanya mai sauƙi ta auna hayaƙin da unguwa ke fitarwa. Sukan ƙirga man da aka ƙona, sannan su ninka da adadin iskar kabon da kowace lita ke fitarwa. Litar fetur ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3, ta dizal kuma kusan kilo 2.7. A ƙauyukan da ake girki da itace, sukan bi gida-gida su ɗora itacen a kan sikeli. Shi ya sa lissafin Agege a Legas, inda janareto ke kwana yana ruri, ya sha bamban da na ƙauyen da murhu ne kaɗai ke hayaƙi.

Ku gwada da gidanku. Janareton da ke shan lita 3 kowane dare yana cinye lita 90 a wata, wato iskar kabon kilo 207, fiye da nauyin buhun shinkafa huɗu. Tukunyar gas ta girki mai kilo 12.5 kuwa kusan kilo 37 take fitarwa.

A 2021 Najeriya ta yi alƙawarin kawo ƙarshen ƙara wa sararin sama wannan iska nan da 2060. Amma kafin hayaƙin ya kai sama, ta huhun yaranku yake fara bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi ajalin mutum miliyan 3.2 a 2020. Janareto kuma yana fitar da wata guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana iya kashe mutum yana barci.

Don haka ku fitar da janareto fili, nesa da taga. Kada ku shigar da kaskon gawayi ɗaki ku rufe ƙofa lokacin hunturu. Idan mutanen gida suka fara ciwon kai da jiri lokaci guda, ku fita waje nan take, ku nufi asibiti.

A wannan makon ku rubuta man da kuka saya, ku yi lissafin. Allah Ya ƙara mana lafiya.