Ba Don Ta'aziyya Muka Zaɓe Ku Ba



Akwai wani wasa da 'yan majalisunmu suka ƙware a kansa, mu kuma aka mayar da mu 'yan kallo. Duk ranar da aka kashe mana mutane, sai wani ya miƙe a zauren majalisa ya gabatar da ƙudurin gaggawa, a yi shiru na minti ɗaya, a yi Allah wadai, a miƙa maganar ga kwamiti. Bayan kwana biyu a haɗa tawaga a je wurin iyalan mamata da 'yan jarida, a miƙa ambulan, a ɗauki hoto. Daga nan sai kuma wani kisan ya zo a sake sabon lale. Ta'aziyya abu ne mai kyau, amma maƙwabci ma yana yin ta, kuma ba a biyansa ko sisi. Wanda aka zaɓa aka tura Abuja aikinsa daban ne, kuma a kan wannan aikin ya kamata mu riƙa tuhumarsa.

Mu tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025. Mafarauta ne suka taso daga jihar Ribas cikin azumi, za su gida Kano yin Sallah. 'Yan sintiri suka tare motar da suke ciki, suka ga bindigogin farauta, aka ce ai masu garkuwa da mutane ne. Babu bincike, babu alƙali, aka kashe mutum 16. Wannan hanyar da suka bi ita ce muke bi duk shekara, mu da matanmu da 'ya'yanmu. Kafin wannan an yi rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021, inda aka rasa rayuka aka ƙona dukiyar da mutane suka shekara da shekaru suna tarawa. A Mayun 2022 aka harbe wata baiwar Allah mai juna biyu tare da 'ya'yanta huɗu a jihar Anambra. A 2019 kuwa an tare matasa 123 'yan Jigawa da baburansu a Legas aka tsare su, daga baya aka sake su don ba a same su da komai ba.

Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin ya yi tafiya ya kuma zauna a duk inda ya ga dama a cikin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalinsa. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar kafa gwamnati. Sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 duk sun yi rantsuwa za su kare wannan kundin. To ina suke?

Na san amsar da magoya bayansu ke bayarwa. Za su ce ɗan majalisa ba ya riƙe da soja, ba ya riƙe da ɗan sanda, tsaro aikin shugaban ƙasa ne da gwamnoni. Wannan rabin gaskiya ce. Kuɗin da ake kashewa a kan tsaro ba ya fita sai majalisa ta amince. A kasafin 2025 da shugaban ƙasa ya gabatar musu, abin da aka ware wa tsaro ya kai naira tiriliyan 4.91. Su ne ke tantance ministan tsaro da hafsoshin soja kafin su kama aiki. Sashe na 88 da na 89 sun ba su ikon su binciki kowace ma'aikata, su kira kowane jami'i ya zo ya yi bayani, wanda ya ƙi zuwa su sa a kawo shi. Mutumin da ke riƙe da makullin asusu, yake kuma da ikon kiran Sufeto Janar ya tsaya a gabansa, ba zai ce mana hannunsa a ɗaure yake ba.

Kuma idan suna son abu, sun iya sauri. A Mayun 2024 cikin ƙasa da mako ɗaya suka gama dokar dawo da tsohon taken ƙasa, shugaban ƙasa ya sa hannu. A Yulin wannan shekarar suka yi wa dokar 'yan sanda gyara domin Sufeto Janar ya cika wa'adin shekara huɗu ko da shekarun ritayarsa sun cika, shi ma cikin ƙiftawa da bismillah. Ashe dai ba ƙarfi ne babu ba. Jinin talaka ne bai kai ya tayar da su tsaye ba.

Dubi Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom a kan masu Mauludi, hukuma da kanta ta ƙirga gawa 85. Sanatoci suka ba da gudummawar albashinsu na wata ɗaya. Mun gode, Allah ya saka. Amma ba ranar aka fara ba, domin a Janairun 2017 an jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno. Kuma ba ranar aka daina ba, domin a Disamban 2024 an sake rasa farar hula a harin sama a Silame ta jihar Sakkwato, a Janairun 2025 kuma a Zamfara. Abin da ake bukata daga majalisa shi ne zaman sauraron bahasi a bainar jama'a, da doka mai tilasta a fitar da rahoton duk irin wannan kuskure, da ƙa'idar biyan diyya wadda ba ta dogara da tausayin wani mai mulki ba. Rundunar tsaro ta ce za ta gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja kan Tudun Biri. Duk mai lambar sanatansa ya tambaye shi inda maganar ta kwana, ya ga ko zai iya ba shi amsa.

Sai ɓangare na biyu, wanda wasu daga cikinmu suke ɗauka ba namu ba ne, wato maganar 'yanci. Za ka ji mutum yana cewa mu dai a ba mu tsaro, maganar 'yancin ɗan Adam ta 'yan boko ce. Ɗan uwa, duk ranar da aka saki wa jami'in tsaro linzami, waye yake fara kamawa? Ba ɗan sanata ba ne. Ɗan acaba ne, da mai tura baro, da mai wankin takalmi, da mai gadi, da yaron da ya sauka daga motar shanu ba shi da kowa a gari. Duk lokacin da aka yi samame a unguwanninmu da sunan neman ɓata-gari, mu ne a nan muke bin ofisoshin 'yan sanda muna haɗa kuɗin beli, alhali an rubuta a bango cewa beli kyauta ne.

Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu ta yi nisa. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, ta kuma ce alƙalin majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Majalisa ce ta yi waɗannan dokokin, kuma ita ce ya kamata ta bi sawu ta ga ana aiki da su. Amma dukkanmu mun ga abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamba 2024 a babbar kotun tarayya da ke Abuja. Yara ƙanana, akasarinsu daga Kano da Kaduna, waɗanda aka kama tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, aka kawo su a rame ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Wata uku suna tsare. Kowane ɗayansu yana da ɗan majalisar jiha, da na wakilai, da sanata. Sai da bidiyo ya zagaya duniya aka ji kunya, sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. Da ba a ɗauki bidiyon ba fa?

Shi ya sa ya kamata mu sa ido a kan duk dokar da za ta toshe bakin jama'a. A 2019 an kawo ƙudurin taƙaita kafofin sada zumunta a majalisar dattawa, da wani na kalaman ƙiyayya wanda har hukuncin kisa aka sa a ciki da farko. Hayaniyar jama'a ce ta dakatar da su. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook. Wayar da ke hannunmu ita ce ta nuna wa duniya Uromi, ita ce ta fitar da yaran nan daga kurkuku. Wanda ya yarda a rufe masa baki da sunan tsaro, ranar da aka taka shi ba shi da abin yin ihu.

Wani abin takaici, ko yadda wakilanmu suke kaɗa ƙuri'a a zaure ba ma sani. A Maris 2025 da aka ayyana dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, kundin tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince. Amma da murya aka yi, masu cewa e suka ce e, aka buga guduma. Ko kana goyon bayan dokar ko ba ka yi, ka cancanci ka san abin da wakilinka ya zaɓa da sunanka. Haka za a iya yi gobe a kan maganar 'yan sandan jihohi da ake ta muhawara a kai. Mu da muke zaune a jihohin da ba namu na asali ba, wannan magana ta fi shafar mu fiye da kowa. Idan za a ba gwamna 'yan sanda, wace kariya aka tanadar wa baƙo? Wa zai kai ƙara, a ina? Za a ɗauki ɗan Sabo da aka haifa a nan aiki a ciki? Waɗannan tambayoyin a zauren majalisa ake yin su kafin a buga guduma. Bayan nan ihu ne bayan hari.

Matsalarmu mu mazauna Kudu ita ce mun faɗa tsakanin 'yan majalisa biyu. Na gida yana ganin matsalarmu ta can nesa ce, ba ya tunawa da mu sai lokacin da zai turo motar kwasar masu zaɓe. Na nan kuma yana ganin ƙuri'armu ba a mazaɓarsa take ba, don haka ba ya jin muna bin sa bashin komai. Ga kuma wasu masu shiga gaba da sunan al'umma, waɗanda idan ɗan takara ya zo abin da suke nema bai wuce buhunan shinkafa da kujerar Makka ba. Wanda ya karɓi shinkafa ranar zaɓe an riga an sallame shi, ba shi da bakin tambaya sai bayan shekara huɗu.

Wasu za su ce a yi musu kiranye. Sashe na 69 ya ba da wannan dama, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a 2018 abin ya rushe wurin tantancewa, an gwada a kan Sanata Natasha a 2025 hukumar zaɓe ta ce ba a cika sharaɗi ba. Makaminmu na gaskiya shi ne ƙuri'a da kuma naci.

Don haka duk wanda rayuwarsa da sana'arsa suke nan, ya duba ya mayar da katin zaɓensa inda yake zaune idan hukumar zaɓe ta buɗe rajista, doka ta ba shi dama. Ƙungiyoyinmu na kasuwa da na unguwa su rubuta takarda da sa hannu zuwa ofishin ɗan majalisar nan da na gida, a ajiye kwafi, a wallafa amsar da ya bayar ko shirun da ya yi. Kuma duk ɗan takarar da zai zo mana kafin 2027 ya tarar da waɗannan tambayoyin suna jiran sa:

1. Wane ƙuduri ka kawo ko ka mara wa baya a kan tsaron matafiya da hukunta masu ɗaukar doka a hannu?
2. Sau nawa kwamitinka ya kira shugabannin tsaro, kuma ina rahoton?
3. Mene ne matsayinka a kan 'yan sandan jihohi da 'yan sintiri, kuma wace kariya za ka nema wa baƙi?
4. Za ka goyi bayan a riƙa rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa a manyan batutuwa?
5. Ka taɓa taka ƙafa ofishin 'yan sandan mazaɓarka ka ga waɗanda ke tsare?

Wannan kira ba na gaba da masu masaukinmu ba ne. Su ma ana sace musu mutane, su ma an kashe musu masu ibada a cocin Owo a Yunin 2022, kuma tsoron da suke ji na gaske ne. Ba ma kare mai laifi don yana jin Hausa, a kama shi a kai shi gaban alƙali. Dokar da za ta kare Bahaushe a Uromi ita ce za ta kare Ibo da Bayarabe a Sabon Garin Kano, don haka duk mai maganar ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ba ya tare da mu.

A Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya faɗa wa BBC Hausa da bakinsa cewa abin da yake karɓa a wata na gudanar da ofis ya kai naira miliyan 21. Kuɗin ƙasa ne, namu ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku tura wannan rubutu ga wakilanku, wanda ya samu amsa ya kawo mana ita nan a ƙasa mu karanta tare.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai matafiyanmu gida lafiya.

Daga Sakataren Ƙungiya