Jaririn da bai yi kashi ba cikin kwana biyu: a nufi asibiti, ba kemis ba

A wannan makon zan ja hankalin masu jego da magidanta kan wani abu da hidimar barka kan sa a manta da shi, wato kashin farko na jariri, wanda ke fita baƙi-ƙirin mai danƙo.

Yawancin jariran da aka haifa da cikakkun watanni suna yin wannan kashi cikin awa 24. Idan aka cika awa 48 bai fito ba, ga ciki ya kumbura, ga amai kore, jaririn kuma yana ƙin nono, to a yi zargin cutar Hirschsprung. Sunan wani likita ne ɗan ƙasar Danmak da ya yi bayaninta a 1886.

Hanji yana tura kashi ne ta hanyar matsewa da saki, ƙwayoyin jijiya da ke jikin bangonsa ne kuma ke ba shi umarni. Jariri mai wannan cuta ana haihuwarsa babu waɗannan ƙwayoyi a ƙarshen babban hanjinsa. Sai wurin ya tsuke, kashi ya taru a samansa. Tana samun kusan jariri 1 cikin 5,000, kuma ta fi kama maza da kusan ninki huɗu. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba kuma laifin nononta ba.

A kantin magani iyaye kan zo neman abin da zai "wanke cikin" jariri. A gida kuma kaka ta ba da dauri, maƙwabciya ta ce a tura sabulu ta dubura. Babu ko ɗaya da zai samar da jijiyar da babu ita. Kashin zai iya fita yau, gobe ya sake tsayawa, lokaci kuma yana ƙurewa. Babban haɗarin shi ne hanjin ya kamu da ƙwayoyin cuta: zazzaɓi, kumburin ciki, gudawa mai wari da ke fita da ƙarfi. Wannan yana iya kisa, don haka ko da tsakar dare ne a tafi asibiti.

Wasu yaran ba a gane cutar sai sun girma. Yaron da tun haihuwa ba ya kashi sai an taimaka masa, ga ƙaton ciki ga rama, a kai shi a duba.

Likita zai ɗauki hoton hanji, ya kuma ɗebi ɗan nama daga cikin dubura a gwada. Maganin tiyata ne: a cire ɓangaren da ba ya aiki, a haɗa mai lafiya da dubura. Wani lokaci sai an fara buɗe wa kashi hanya ta jikin ciki na ɗan lokaci. Asibitocin koyarwa, kamar na Idi-Araba a Legas da na Ibadan, suna da likitocin tiyatar yara, kuma yawancin yaran da aka yi wa aiki suna girma lafiya.

Uwargida, ki riƙe lokacin da jaririnki ya yi kashin farko. Maigida, kai ma ka tambaya. Sai mako mai zuwa.