Daga Kafin Hausa zuwa NUGA: Me ya sa aikin daraktan wasanni a manyan makarantu bai zama sana'a ba?

Duk lokacin da ɗaliban wata jami'a suka dawo da kofi, 'yan wasa ake ɗauka a hoto, sai kuma shugaban jami'a da ke karɓar kofin. Ba kasafai ake tuna mutumin da ya nemo motar tafiya, ya tantance katin shaidar kowane ɗalibi, ya kuma bi takardar kuɗin abinci daga ofis zuwa ofis ba.

Wannan mutum shi ne daraktan wasanni. A kansa harkar ta rataya, a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ne ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko a wata makaranta. Sai dai a Najeriya har yanzu aikin nasa bai zama sana'a mai tsani da matashi zai sa a gaba tun yana ɗalibi ba. Hakan na cikin dalilan da suka sa wasannin manyan makarantu ke tafiyar hawainiya.

Su wa ke riƙe da harkar?

Ƙungiyar wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, ta gudanar da gasarta ta farko a Jami'ar Ibadan a 1966. Kwalejojin kimiyya da fasaha na da tasu gasar mai suna NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma na da NICEGA.

Waɗanda ke jan ragamar waɗannan ƙungiyoyi galibi ma'aikatan makarantun ne, wato daraktocin wasanni da malaman sashen ilimin motsa jiki. Dakta Ken Anugweje na Jami'ar Fatakwal ya shugabanci NUGA, haka ma Farfesa Stephen Hamafyelto na Jami'ar Maiduguri.

Hanyoyi biyu ne suka fi kai mutum kujerar darakta. Ta farko ita ce ta mai horarwa: ya fara da koyar da ƙwallon ƙafa ko guje-guje, ya yi kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, ya riƙa hawa mataki har ya zama babba a ofishin. Ta biyu ita ce ta malamin jami'a, wanda shugaban makaranta ke ɗora wa muƙamin na ɗan wa'adi a kan aikinsa na koyarwa.

Kowace hanya da matsalarta. Mai horarwa ya san fili, amma ba ya cikin majalisar malamai inda ake tsara kalandar karatu, don haka muryarsa ba ta da nauyi. Malami kuwa yana da murya, amma ƙarin girmansa ya dogara ne a kan binciken da ya wallafa. Gasar da ya shirya ba ta kai shi matsayin farfesa. Da wa'adinsa ya cika sai ya koma aji, wani ya zo ya faro daga tushe.

Gasar da ba ta da ranar zuwa

A ƙa'ida, duk bayan shekara biyu ake yin gasar NUGA. Amma an yi ta a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a 2014, sai a Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi a 2017, sannan ba a sake haɗuwa ba sai a Jami'ar Legas a watan Maris na 2022.

Shekara biyar ke nan tsakanin Makurɗi da Legas, abin da ya zarce tsawon karatun digiri na shekara huɗu. Ita ma gasar ta Legas an yi ta ne ana tsakiyar yajin aikin ASUU da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022.

Ga darakta, wannan na nufin ɗalibar da ya gano tana aji ɗaya, ya horar da ita tsawon shekaru, za ta iya kammala karatu ba ta taɓa tsayawa a layin tsere na ƙasa ba. Shi kansa ba shi da abin da zai nuna a matsayin sakamakon aikinsa. Idan ya je neman kuɗi, tambayar farko ita ce yaushe ne gasar, shi kuma ba shi da tabbas.

Kuɗin ma wata matsala ce. Makarantu da dama na karɓar kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajistar ɗalibai, amma ba darakta ne ke riƙe da su ba. Sai ya rubuta takarda, ta bi layi tare da buƙatun man janareta, ruwan ɗakunan kwana da gyaran azuzuwa. Ba a bori da sanyin jiki, amma da wuya shugaban makaranta ya fifita rigunan ƙwallo a kan rijiyar burtsatse.

Yadda abin yake a Amurka

A Amurka jami'o'i na haɗuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da gasarsa ta shekara-shekara da ofishinsa da ma'aikatansa na dindindin. Wanda ke shugabantar rukunin ana kiransa kwamishina, kuma shugabannin jami'o'in ne ke ɗaukarsa aiki.

Jim Delany, wanda lauya ne, ya riƙe rukunin Big Ten kimanin shekara 30 tun daga 1989, kuma a zamaninsa rukunin ya buɗe tashar talabijin tasa a 2007. Magajinsa Kevin Warren ya fito ne daga shugabancin wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa, shi ne kuma ya ƙulla yarjejeniyar haska wasanni ta sama da dala biliyan bakwai a 2022. Greg Sankey, da ke jagorantar rukunin SEC tun 2015, ya taso ne daga ƙananan makarantu da aikin sa ido kan bin ƙa'idoji, ya shugabanci ƙaramin rukuni kafin babba.

Babu mai tsammanin irin waɗannan kuɗaɗe a Kafin Hausa. Abin dubawa shi ne tsanin: mutum ya fara a ƙaramin ofis, ya ƙware a doka ko kasuwanci ko tsara jadawali, ya san kujera ta gaba. Irin wannan tsari ne ya ja 'yan Najeriya kamar Tobi Amusan zuwa Jami'ar Texas da ke El Paso, kafin ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022.

A gida an gwada wani abu mai kama da haka. A 2018 wani kamfani mai zaman kansa ya haɗa gwiwa da NUGA aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, da masu ɗaukar nauyi daga 'yan kasuwa. Ta nuna akwai 'yan kallo, amma ita ma annobar korona da yajin aiki sun kawo mata cikas.

Damar da Jigawa ke da ita

Jami'o'in Jigawa sababbi ne. An kafa ta tarayya da ke Dutse a 2011, ta Kafin Hausa kuma a 2013. Ba su da tsofaffin filaye da tarin tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni irin na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta karɓi baƙuncin NUGA a 2001, ko Jami'ar Fatakwal da ta daɗe tana mamaye teburin lambobin yabo.

Amma jihar na da makarantu kusa da juna. Akwai kwalejojin kimiyya da fasaha a Dutse da Haɗeja da Kazaure, akwai Kwalejin Ilimi ta Gumel, ga jami'ar fasaha ta tarayya a Baɓura. Motar ɗalibai za ta iya barin Kafin Hausa da safe, a buga wasa a Haɗeja ko Dutse, ta dawo kafin dare ba tare da kuɗin masauki ba.

Tsarin ƙasa ya raba waɗannan maƙwabta gida uku, kowa na jiran gasar ƙungiyarsa. Gasar cikin jiha da ke gudana kowane zangon karatu, mai jadawalin da aka sani tun farkon shekara, za ta cike wannan giɓi. Za ta kuma iya haɗawa da langa da kokawa, waɗanda jama'ar yankin ba sa buƙatar a yi musu bayaninsu.

Sai dai gasa irin wannan ba ta tsayuwa da kwamitin wucin gadi. Tana buƙatar sakatare na dindindin da ya san yadda ake kauce wa lokacin jarrabawa da azumi da zafin bazara, da wanda zai tantance 'yan wasa don hana shigo da sojan gona, matsalar da ta daɗe tana zubar da mutuncin wasannin makarantu. Tana buƙatar mata masu horarwa da jami'ai mata, domin iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu mata su yi tafiya ba sai sun ga wadda za su damƙa wa amana. Batun sutura ma ya yi sauƙi tun da hukumar dokokin ƙwallon ƙafa ta amince da saka ɗankwali a 2014.

Abin da ya rage

A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta soke Ma'aikatar Wasanni ta miƙa aikin ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, da alƙawarin mayar da wasanni hanyar samun kuɗi. Amma makomar daraktan wasanni tana hannun majalisun gudanarwar makarantu ne da gwamnatocin da suka mallake su.

Su ne za su iya ware kuɗin wasanni a asusun da ba a taɓawa, su sa aikin shirya gasa cikin ma'aunin ƙarin girma, su kuma mutunta yammacin Laraba da aka saba keɓe wa motsa jiki a jami'o'i da dama. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello na yaye ɗaliban ilimin motsa jiki duk shekara, cikinsu har da 'yan Jigawa. Mafi yawansu aji suke nufa, domin nan ne kawai suka ga hanyar ci gaba. Kafin su fara hangen ofishin wasanni, sai sun ga albashi da matsayi da kuma kujerar da za su hau bayan ta farko.