Kada Mu Sare Bishiyoyin Da Suka San Fari A GRA

Jama'a, duk wanda ya bi ta GRA ta Bauchi a watan Maris ko Afrilu ya san bambancin layin da ke da tsofaffin bishiyoyi da wanda aka sare nasa. Abin da ke damun mu shi ne, yanzu da an sayi tsohon gida sai a sare maɗaci ko tsamiyar da ke ciki, a shafe tsakar gida da siminti, a shuka ciyawar ado da furannin da sai an ba su ruwa safe da yamma. Ranar da famfo ya ɗauke ko rijiyar burtsatse ta ja baya, cikin 'yan kwanaki sun bushe.

Bishiyoyinmu na gida kuwa, Allah ya hore musu dabarun jure fari. Kuka tana tara ruwa a kututturenta, sannan ta zubar da ganye da rani, domin ta ganye ne ruwa ke fita daga jikin shuka. Aduwa ganyenta ƙanana ne masu kauri, ba sa asarar ruwa da yawa. Gawo saiwarsa na nutsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake kore shar da rani. Ita ma darbejiya, baƙuwa daga Indiya, haƙurin ƙishi ne ya zaunar da ita a ƙasarmu.

A Bauchi muna yin wajen wata 6 babu ruwan sama, kuma dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Bayan wancan farin, manoman Maraɗi a Nijar suka riƙa barin kututturan gonakinsu suna tohowa, don saiwar tana nan da rai, har bishiyoyi suka dawo. Mu da muka gaji manya a tsaye, me zai sa mu sare? Kuma ruwan madatsar Gubi da wasu unguwanni ke jira don sha, bai kamata ya ƙare a kan ciyawa ba.

Shawararmu: idan bishiya ta tsare gini, a rage mata rassa kawai. A bar mata ƙasa a gindi, a tara busasshen ganye a wurin don ya riƙe laima maimakon a ƙone shi. Mai son dashe ya yi a farkon damina, ya zaɓi irin na gida. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka.