Hoton "Barka da Juma'a" na iya ɗauke da saƙon ɓoye?

Wani gargaɗi na ta yawo a WhatsApp, wai kada a buɗe hotunan gaisuwa don ɓarayi sun cusa abu a ciki. Maganar na da tushe, sai dai an cika mata gishiri.

Ɓoye saƙo cikin hoto dai ana yi. Hoton salula ɗigo-ɗigo ne, miliyoyi, kuma kowane ɗigo na da lambar ja, kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. In aka mai da 200 ta koma 201, ido ba ya ganewa. Da irin wannan ɗan canji, ɗigo bayan ɗigo, ake rubuta wasiƙa sukutum. A 2010 hukumar FBI ta kama ƴan leƙen asirin Rasha goma a Amurka, waɗanda ke musayar saƙonni da Mosko ta cikin hotunan da aka ɗora a intanet.

To, yaya ake gano shi? Da lissafi. A hoto na gaskiya, yawan ɗigo masu lamba 200 da masu 201 kan sha bamban. In an cusa dogon saƙo, sai su kusa zama kunnen doki, kwamfuta kuwa ta lura. Amma gajeren saƙo kan sulale, kuma zargi ya fi kamu yawa. A 2001, da aka baza cewa Alƙa'ida na amfani da wannan dabara, masu bincike biyu na jami'ar Michigan sun tace hotuna miliyan 2 na shafin eBay, ba su samu saƙo ko ɗaya ba.

A ganinmu, hoton Juma'a da ɗan uwa ya turo daga Abijan ko Libiya bai kai abin ɗaga hankali ba. WhatsApp na matse hoto kafin ya isar da shi, matsewar kuwa takan lalata irin wannan rubutu. Sannan saƙon ɓoye ba ya tashi aiki shi kaɗai, sai da wata manhaja da ta san yadda za ta karanta shi.

An taɓa samun kafar kutse ta fayil ɗin hoto, shi ya sa sabunta salula da WhatsApp ke da amfani. Inda muka fi jin tsoro shi ne "hoton" da ya zo daga baƙuwar lamba, sunansa ya ƙare da .apk, ko ya ce sai an sauke wani abu kafin a gan shi. Wannan manhaja ce, a goge ta ba tare da an buɗe ba.