Tashar Kalaba: Hanya Ce Ke Kawo Jirgi

Duk lokacin da aka koka da cunkoson kaya a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da ke Legas, sai a tuna da Kalaba, a ce ai ga tashar da za ta rage wa Legas nauyi. Maganar tana kan hanya, sai dai tarihin garin ya nuna cewa gina tasha kaɗai ba ya jawo jirgi. Abin da ke jawo shi shi ne ruwa mai zurfi da kuma hanyar da kaya za su bi daga cikin ƙasa su iso gaɓa.

Tun a ƙarni na 17 'yan kasuwar Efik suka zama dillalai tsakanin Turawa da al'ummomin da ke zaune a cikin ƙasa. Da farko mugun cinikin bayi ne ya haɗa su. Bayan da Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta wannan ciniki a 1807, sai kasuwa ta juya ga manja, wanda masana'antun Ingila ke buƙata don yin sabulu da kyandir da kuma shafa wa injuna. Abubuwa biyu ne suka riƙe wannan kasuwa. Na farko, Kogin Kuros da rassansa su ne manyan hanyoyin zamanin, inda kwale-kwale ke kwaso manja daga ƙauyuka masu nisa. Na biyu kuwa, Turawa kan ba da kaya bashi, ƙungiyar gargajiya ta Ekpe kuma ita ke tilasta wa mai taurin bashi ya biya. Wato dai akwai hanya, akwai kuma amana.

Wannan arziki ne ya sa Ingila ta ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan garin a 1884, ta kuma mayar da Kalaba mazaunin mulkinta a yankin. A 1900 garin ya zama hedkwatar Nijeriya ta Kudu, kafin a mayar da ita Legas a 1906. Mutane da yawa suna ɗora koma-bayan Kalaba a kan wannan ƙaura, amma babban dalilin shi ne layin dogo. A 1912 aka haɗa Kano da Legas, gyaɗa da fatu da auduga suka kama hanyar yamma. Da aka gano kwal a yankin Udi a 1909, sai aka kafa Fatakwal, kuma a 1916 dogo ya haɗa ta da Enugu. Daga nan manjan ƙasar Ibo ya koma bin jirgin ƙasa zuwa sabuwar tasha. Har yau dogo bai taɓa isa Kalaba ba.

Gwamnatocin bayan mulkin kai ba su ɗauki wannan darasi ba. An buɗe sabuwar tasha a 1979. An kafa dokar yankunan sarrafa kayan fitarwa a 1992, Kalaba ce kuma ta fara samun irin wannan yanki. A 2007 gwamnatin Jihar Kuros Riba ta buɗe cibiyar kasuwanci ta Tinapa, wadda daga bisani bashi ya yi wa katutu. Duk waɗannan gine-gine ne a bakin ruwa, alhali mashigin da jirgi zai bi daga teku zuwa tasha ya haura kilomita 80, kuma yashi na cike shi a kai a kai. An sha ba da kwangilar yashe mashigin, amma manyan jiragen kwantena ba su samu zurfin da suke buƙata ba.

Asarar ba ta tsaya a kan Kuros Riba ba, jihar da ta rasa rijiyoyin mai 76 a hukuncin Kotun Ƙoli na 2012, bayan miƙa Bakasi ga Kamaru. Ga mai fataucin riɗi ko waken suya daga Binuwai da Taraba da Adamawa, hanyar Katsina-Ala zuwa Ogoja da Ikom ta fi kusa da teku a kan ta Legas. Duk ƙarin kwanan da tirela ta yi a hanya, daga kuɗin manomi ake cire shi, mai saye a kasuwa kuma ya biya sauran.

Masu cewa zamanin tashoshin kogi ya wuce, tun da aka buɗe tasha mai zurfi ta Lekki a 2023, suna da hujja, domin jiragen yau sun fi na da girma nesa ba kusa ba. Amma ko da an gina sabuwar tasha mai zurfi a gaɓar Kuros Riba, matsalar kai kaya gare ta tana nan daram.

Saboda haka ya kamata Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta mayar da yashe mashigin Kalaba aikin kowace shekara, tare da bayyana wa jama'a zurfin da aka samu da kuɗin da aka kashe. Gwamnatin Tarayya kuma ta fifita gyaran hanyar Kalaba zuwa Ikom da Ogoja da ta Kalaba zuwa Itu, sannan ta sa garin cikin tsarin layin dogo, kafin a sake aza harsashin wani sabon gini a bakin ruwa.