Talabijin Na Jama'a, Ba Na Gidan Gwamnati Ba

A duk lokacin da aka kunna talabijin a garinmu Ashige, cikin ƙaramar hukumar Lafiya, abu biyu ne mutum zai ci karo da su: ko dai tashoshin tauraron ɗan'adam masu kawo labaran ƙasashen waje, ko kuma tasoshinmu na gida masu bin ayarin gwamna. Manomin doya da riɗi da ke shan wahalar kai amfanin gona kasuwa da wuya ya ga kansa a ciki. Ni dai a nawa ganin, laifin ba na ma'aikatan gidajen ba ne. Yadda aka tsara mallakar gidajen ne ya jawo haka.

Bari mu waiwayi baya, domin waiwaye adon tafiya. A shekarar 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN tare da wasu kamfanonin Ingila guda biyu, wato Granada da EMI. Shi ne ya buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Kamfani ɗaya ne yake yi wa Arewa baki ɗaya aiki. A 1977 gwamnatin soja ta kafa NTA, ta haɗiye duk gidajen talabijin na ƙasar, har da na Jos, wanda shi ne ya fara nuna hoto mai launi a Nijeriya. Duk da haka, ƙwararrun da aka raina a Kaduna da Jos su ne suka ba mu wasanni irin su Samanja da Karkuzu, waɗanda har gobe iyayenmu ke labarinsu.

Tsarin mulki na 1979 ya ba jihohi damar buɗe nasu, shi ya sa Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. Daga nan kowace jiha ta ce sai ta yi nata. Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, mu ma muka samu NBS a Lafiya. To amma mai karatu, gidan da albashinsa da man janaretonsa ke fitowa daga aljihun gwamnati ɗaya, ta yaya zai faɗa mata gaskiya? Hausawa sun ce baki in ya ci, dole ya ji kunya.

Shawarata ita ce a farfaɗo da tsarin kamfanin yanki. Jihohin Nasarawa da Filato da Binuwai da Kaduna su haɗa jari da 'yan kasuwa, a kafa kamfani ɗaya mai ƙananan tashoshi a garuruwa. A haɗa kuɗin na'urori da horar da ma'aikata da neman talla wuri guda, amma kowace tasha ta riƙa yin labaran yankinta da Hausa da harsunan wurin, kamar Eggon da Alago da Migili da Gwandara a nan wajenmu.

Na san wani zai ce ai an gwada haɗin gwiwa, ga kamfanin New Nigerian nan, mai buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya durƙushe a hannun gwamnonin Arewa. Gaskiya ne, kuma darasin ke nan: kada gwamnatoci su riƙe kaso mafi tsoka, kada kuma su naɗa shugabannin kamfanin. Tun 1992 doka ta halatta wa 'yan kasuwa mallakar tashoshi, sannan Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta nuna cewa shirin Hausa zalla yana da masu kallo.

Mu ɗaliban Hausa abin ya fi shafa, domin mu ne masu fassara da marubuta wasanni na gobe. Idan babu gidan da zai ɗauke mu aiki a kusa, sai mu tattara mu tafi Abuja ko Kano, Ashige kuma ta ci gaba da kallon labarin wasu. Allah ya sa masu faɗa a ji su ji.